Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

A hutun bazarar da ta wuce mun je gida Balan, ta ƙasar Gaya, muka ga wani abu wanda tun daga ranar muke ta juya shi a zuci, har ya kai mu ga ɗaukar alƙalami. A ƙofar gidanmu akwai wani tsohon zaure na ƙasa wanda kakanmu ya gina tun yana da sauran ƙarfinsa. A gefensa kuma akwai sabon ɗaki na bulo da rufin kwano, wanda wani yayanmu, ƙaramin ma'aikaci, ya gina da abin da ya tsimi daga albashinsa na shekara uku. Ranar da aka gama ɗakin nan har walima aka yi. Amma da zarar rana ta take tsaka, mai sabon ɗakin shi ne ke fara naɗe tabarmarsa ya nufi zauren tsoho. Kakanmu kuwa ba ya barin wannan ta wuce. Sai ya dube shi ya ce, "Ɗan boko, yau ma an koro ka daga gidan Turawan?" Shi kuma ya ce, "Bari kawai, Tsoho, ɗakin nan ko gurasa aka ajiye sai ta gasu."

Mun yi dariya tare da kowa, amma daga baya muka lura da abin da ya fi dariyar muhimmanci. Kowace shekara, kafin ruwan fari ya sauka, tsohon nan sai ya kira magini ya hau kan zauren, ya bi duk wata tsaga ya cike ta, ya share indararo, ya sake yaɓe inda damina ta zaizaye. Sabon ɗakin kuwa, tun da aka gama shi ba a ƙara masa ko ƙusa ɗaya ba. Silin ɗinsa ya ɓalle a kusurwa biyu, tsakanin kwano da bango akwai kafar da hannu zai shige, gilasan taga uku sun fashe an cusa tsumma. Yayan namu ya ce da ya sami hali zai sayi iyakwandishan ya huta. Wannan magana tasa ita ce damuwarmu, domin ba shi kaɗai ne mai wannan tunani ba. Kusan dukkanmu 'yan makaranta haka muke: mun koyi sayen sanyi, ba mu koyi tsare shi ba.

Da muka koma birni sai idonmu ya buɗe, muka riƙa ganin abin ko'ina. Mun shiga wani ofis neman sa hannu a takarda, muka tarar da iyakwandishan yana ta gurnani, alhali kuwa ramin da aka huda a bango aka zura bututunsa yana nan a buɗe, har kana hango hasken waje. Ƙasan ƙofa akwai tazarar yatsa uku, taga kuma an toshe rabinta da kwali. Akawun da ke zaune a ciki yana ta fifita da fayil, yana cewa injin ne ba shi da ƙarfi, an riga an rubuta a kawo babba. Mun kuma zauna a wani babban ɗakin taro wanda aka gina shi da inji guda mai raba sanyi ta cikin bututai, amma jama'a sai gumi suke yi. Wani dattijon ma'aikaci da ya daɗe yana kula da wurin ya gaya mana cewa injin lafiyarsa ƙalau, bututan da ke cikin silin ne suka rabu a mahaɗarsu, ɓeraye kuma sun yage abin da aka naɗe su da shi. Watau dai injin yana can yana sanyaya wa jemagu da ƙadangaru, mutanen da aka saye shi dominsu suna ƙasa suna fifita.

Ya kamata mu ɗan bayyana yadda waɗannan bututai suke, domin da yawa cikinmu ba su taɓa leƙa cikin silin ba. Tun daga 1902, sa'ad da wani injiniya ɗan Amurka mai suna Willis Carrier ya ƙera na'urar farko irin ta zamani domin wata maɗaba'a a birnin New York, hanyar da aka fi bi a manyan gine-gine ita ce a kafa inji ɗaya, a shimfiɗa bututai na langa-langa su ratsa ta saman ɗakuna. Wasu bututan suna kai iska mai sanyi cikin ɗaki, wasu kuma suna janyo iskar ɗakin su mayar wa injin ya sake sanyaya ta. A ƙasashen sanyi, ta cikin bututan nan ne kuma ake tura iska mai ɗumi lokacin hunturunsu. To, idan bututun da ke kai sanyi ya sami kafa, sanyin zai tsiyaye a cikin silin, wurin da ya fi ko'ina zafi a gidan. Idan kuwa mai janyowa ne ya sami kafa, sai ya zuƙo zafi da ƙurar da ke ƙarƙashin kwano ya watsa wa mutane a fuska. Hukumomin Amurka masu kula da tsimin makamashi sun ƙiyasta cewa a gida irin na kowa da kowa a can, kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na iskar da ke bi ta bututai yana zurarewa ta irin waɗannan kafofi.

Abin lura shi ne yadda suke maganin abin. Ba sa fara tunanin sabon inji. Sai a kunna wanda ke akwai, mai gyara ya hau ya bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya yana shafawa da hannu, yana duban inda ƙura ta yi baƙin zane, domin nan ne iska ke fita. In ya samu, sai ya ɗaure mahaɗar da kyau, ya shafe ta da wani danƙo mai kauri da ake kira mastik, in kafar tana da faɗi ya shimfiɗa raga kafin ya shafa, ko kuwa ya liƙe da salatif na alminiyam, sa'an nan ya sake naɗe bututun da abin da ke hana zafi ratsawa. A 1998 wasu masu bincike biyu, Max Sherman da Iain Walker, na ɗakin binciken Lawrence Berkeley a Kalifoniya, suka gwada abubuwan liƙi iri iri, suka tarar cewa salatif ɗin nan mai ƙyalle wanda kowa ya fi sani, wanda har sunan bututu aka laƙaba masa, shi ne ya fi saurin saki idan zafi ya buge shi. Ashe ko a ƙasar da aka ƙera injin, liƙi ilmi ne mai zaman kansa, har manyan masana suna ɓata lokacinsu a kansa. Mu ne nan muka ɗauke shi aikin da bai kai a yi maganarsa ba.

Alhali kuwa in ana maganar ilmin liƙi, ba mu da wanda za mu yi wa kallon ya fi mu. Maginin Hausa ya san cewa gini ba ya ƙarewa ranar da aka ɗora masa rufi. Yakan kwaɓa jar ƙasa da busasshiyar ciyawa, ya bar ta ta kwana biyu tana tsima, ya mulmula tubali ya shanya, ya ta da bango mai kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama. Yakan jera azara ta giginya, wadda gara ba ta cika cinta ba, ya shimfiɗa zana ko asabari, ya zuba ƙasa ya daɓe. Daga nan sai aikin hana ruwa shiga. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ana shafe bango da daɓe da ita. Akwai kuma laso, wanda ake haɗawa da katsi na karofin marina da gashin akuya da dafara, shi ne simintinmu tun kafin a san siminti a ƙasar nan. Da irin waɗannan dabaru, da kuma hannun da ke komawa kansu a kai a kai, gine-gine irin su Gidan Makama a Kano suka kai ga idonmu, haka kuma ayyukan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a wajejen shekarun 1830.

Dalilin sanyin zauren kakanmu ba asiri ba ne. Bango mai kauri da rufin ƙasa suna shan zafin rana a hankali, zafin ba ya ratsawa ya kai ciki sai bayan sa'o'i masu yawa, lokacin nan rana ta riga ta faɗi, mutanen gida sun fito tsakar gida shan iska. Da dare kuma ginin ya huce, ya wayi gari da sanyinsa. In hunturu ya zo sai abin ya juya, ɗumin da bangon ya sha da rana shi ne zai riƙe mai ɗaki har asuba. Kwano kuwa ba shi da wannan haƙuri, yadda rana ta buge shi haka zai sauke wa na ƙasa nan take, da dare kuma ya saki ɗumin gaba ɗaya. Amma fa duk wannan alheri na ginin ƙasa yana rataye ne a kan sharaɗi guda, watau kada a bar tsaga ta shekara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma inda ƙadangare ya shiga ruwa ma zai shiga, azara ta ruɓe, soro ya rufta. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa gyaran soro da baibayar ɗaki suke da lokacinsu a cikin shekara, kamar yadda sharar gona take da nata.

Yaya aka yi muka yar da wannan ɗabi'a? A ganinmu abin ya samo asali ne tun zamanin da kuɗin man fetur suka fara malala. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 ma'aikata suka sami kuɗi a dunƙule, kowa ya nufi kanti, a 1975 kuma jiragen ruwa ɗaruruwa maƙare da siminti suka yi cincirindo a tashar Legas, wasu suka yi watanni ba a sauke su ba. Tun daga lokacin bulo da kwano suka zama shaidar cewa mutum ya ci gaba, ginin ƙasa kuwa ya zama shaidar talauci. Mafi muni, sai aka cusa mana cewa kayan zamani ba sa bukatar kulawa, in sun lalace a sayo wasu. Wannan tunani ya bi mu har cikin ofisoshi. Sabon kaya yana da kwangila, yana da ranar buɗewa da jawabi da ɗaukar hoto. Gyara kuwa ba shi da maroƙi. Shi ya sa in kuɗi suka yi ƙaranci, kason gyara ne ake fara yankewa, sa'an nan bayan shekara biyu a zo a kashe ninkinsa goma wajen sayen sabo.

Wataƙila a dā ana iya wannan sakaci a kwashe lafiya, amma yanzu lissafi ya canja. A watan Afrilu na 2024 hukumar da ke tsara farashin lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga masu rukunin A daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225. Matsakaicin iyakwandishan yana cin wajen yunit ɗaya a kowace sa'a in yana aiki ba hutawa. A wancan farashi, sa'a 8 a rana har kwana 30 ya kama Naira 54,000, alhali mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na wannan shekarar Naira 70,000 ne. Injin da ke cikin ɗaki mai kyakkyawan liƙi yakan sanyaya ɗakin ya tsaya ya huta. Wanda ke cikin ɗaki mai kafofi kuwa ba ya hutawa, domin ɗiban ruwa yake yi da kwando, ga cin wuta, ga saurin mutuwa. Wanda ya dogara ga janareta kuma ya san abin da fetur ya zama tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Zafin ma ba raguwa yake yi ba. A ƙasar Kano bazara takan kai digiri 40 har ta wuce, a farkon Afrilu na 2024 kuwa garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da ya kamace ka.

Akwai wata ɓarnar da ta fi shafar ƙananan injina na gida, waɗanda ba su da manyan bututai sai siraran bututai biyu na jan ƙarfe. Sau da yawa za ka ji mutum ya ce gas ɗin injinsa ya ƙare, ya kira mai gyara ya ɗura, bayan wata uku ya sake kira. Ya kamata mu sani cewa gas ɗin nan ba kamar fetur yake ba, ba ƙonewa yake yi ba, zagayawa kawai yake yi a rufe. In ya ragu, to lalle akwai inda yake tsiyaya, galibi a mahaɗa. Mai gyara na kirki zai shafa kumfar sabulu ya nemo wurin, ya gyara, sa'an nan ya ɗura. Haka kuma soson da ake naɗe bututan da shi, rana takan cinye shi, in ba a sake ba sanyin zai ƙare a waje. Ragar da ke tace ƙura kuwa, a ƙasa mai hazo irin tamu, wankewa take so a kai a kai, kuma wannan ko yaro zai iya.

Sai dai muna gargaɗi, kada wani ya karanta wannan ya tashi ya toshe kowace kafa a ɗakinsa. Ilmin liƙi rabinsa sanin inda za a toshe ne, rabinsa kuma sanin inda za a bari. Ƙaramar tagar nan da magina kan bari can sama kusa da rufi ba mantuwa ba ce, ta nan ne iska mai zafi da hayaƙi ke fita. Lokacin hunturu mutanenmu sukan shiga ɗaki da kaskon gawayi su rufe ƙofa, a birni kuma wasu sukan kwana da janareta a cikin gida don tsoron ɓarayi. Gawayi da janareta duka suna fitar da wata iskar guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, mutum yana barci za ta ɗauke shi. An sha wayar gari a tarar da iyali guda sun rasu ta wannan hanya. Saboda haka ɗakin da ake hura wuta a cikinsa dole a bar masa mafitar iska, janareta kuwa wurinsa waje, nesa da taga.

Mun san akwai masu cewa, to ku 'yan jami'a so kuke mu koma ginin ƙasa, alhali kowace damina muna ganin yadda yake rufta wa mutane? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, ba za mu raina ta ba. A daminar 2022 ambaliya ta rusa gidaje masu yawa a Ajingi da wajen maƙwabtanmu na Jigawa, giginya kuma ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada, matasa ba sa son gadon magina. Ba cewa muke a rushe bulo ba. Cewa muke a haɗa hankalin dā da kayan yanzu, kuma akwai waɗanda suka gwada aka gani. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa da aka matse da inji, ya yi mata silin na ƙasa, sa'an nan ya ɗaga kwano can sama bisa ƙarafa, iska tana ratsawa tsakani. Kwanon yana tare ruwa, ƙasar tana tare zafi. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya sami kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a fannin zanen gine-gine. A Dandaji kuma, garin Hausawa a jihar Tawa ta Nijar, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da matsattsen tubali, aka gama a 2018, kuma da maginan yankin aka yi aikin.

To, me ya rage gare mu? Na farko, duk ɗalibin da zai tafi hutu ya zagaya gidansu da idon mai gyara. Ya duba silin, ya duba tsakanin kwano da bango, ya duba indararo kafin ruwa ya sauka. In ɗakin kwano ne ba silin, to silin ya fi fanka gaggawa, ko da na zana ne ko asabari, kuma a bar kafa a sama inda zafin da ya taru zai fita, a sa mata raga. Bishiya a yammacin ɗaki da farin fenti a kan kwano suna rage zafi ba tare da cin yunit ko ɗaya ba. Na biyu, 'yan'uwanmu ƙananan ma'aikata, ku ne kuke rubuta takardun neman kaya, ku ne kuke haɗa ƙiyasin shekara. Kafin ku rubuta a sayo sabon inji, ku sa a hau silin a duba, ku rubuta abin da aka gani, ku kuma kare kason gyara ko da ba mai yaba muku. Na uku, masu karatun injiniya da zanen gine-gine a Jami'ar Bayero da jami'ar Wudil da ke nan kusa da mu, ku je wurin tsofaffin magina tun suna da rai, ku auna zafin soro da na ɗakin kwano a rana ɗaya, ku rubuta yadda ake haɗa laso da makuba, ku gwada su a ɗakin bincike. Na huɗu, ƙungiyar ɗalibai ta ware rana guda a kowane zango, a bi ɗakunan kwana da azuzuwa a rubuta duk taga da ƙofa da silin da ke neman gyara, a miƙa wa hukuma, a kuma bi sawu.

Tarihin baka ya ce wani maƙeri ne daga Gaya ya je Dala neman tama, har garin Kano ya samo sunansa daga gare shi. Ashe mu jikokin masu aikin hannu ne, bai kamata takardar shaida ta sa mu ji kunyar ɗaukar tsani ba. Kafin mu baro Balan mun taya yayanmu gyaran ɗakinsa. Kwana biyu muka yi da kafinta ɗaya da birkila ɗaya, aka mai da silin, aka cike kafar bango aka bar mafita a sama, aka sa gilasai. Abin da aka kashe bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin injin da yake buri ba. Ɗakin bai kamo zaure ba, amma yanzu ana iya yin azahar a cikinsa. Kakanmu ya zo ya leƙa, ya daɗe yana duban silin, sa'an nan ya ce, "To, madalla. Baɗi war haka kuma sai ku sake hawa."

Allah ya sa mu ji, ya kuma ba mu ikon aikatawa, amin.